Kayan faci ko sabon tiyub: wanne matafiyi kan ƙaramin babur zai riƙe?

Masu doguwar tafiya kan ƙaramin babur sun sha yi mini wannan tambaya, to ga yadda nake ganinsu.

Kayan faci sun fi araha, ba nauyi, kuma kwali ɗaya zai toshe huji da yawa. Sai dai aikin na son haƙuri: ka lalubo hujin, ka kankare wurin, ka shafa gam, ka jira ya sha iska kafin ka manna. Wanda ya yi gaggawa, ko ruwan sama ya tarar da shi, facin zai ɗaye a hanya. Idan kuwa tiyub ya yage ne a gindin bawul, faci ba ya magani.

Sabon tiyub ya fi tsada, yana cin wuri, kuma dole ka kwance ƙafar babur gaba ɗaya. Amma ka saka, an gama. Ka dai shafa cikin tayar ka zare ƙusar tukuna, mutane da yawa a nan suke mantuwa. Famfo kam, kowanne ka zaɓa sai da shi.

Mai zirga-zirga kusa da gari, faci ya ishe shi. Mai ratsa daji da dare ko da damina, tiyub ya fi masa.