Garin Tom Brown na wani ƙaramin shago a Kano: abin da muka gani bayan wata biyu

Mahaifiyata ta yi mako uku a kwance tana fama da zazzaɓin taifot, kuma ranar da aka sallame ta daga asibiti abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne awarwaron hannunta. Shekara da shekaru ba ya wuce wuyan hannu, sai ga shi da ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi ya zame har kusa da gwiwar hannu. Likita ya ce a dage mata da abinci mai gina jiki, amma nama ya fi ƙarfin haƙoranta, ƙwai kuwa ko ƙarninsa ta ji sai zuciyarta ta tashi. A cikin wannan hali ne wata maƙwabciyarmu ta yi mini kwatancen wani ƙaramin shago inda wata baiwar Allah ke haɗa garin kunun da ake kira Tom Brown. Na sayi leda ɗaya mai kilo guda, daga baya na ƙara ta biyu, kuma tun da na yi shekaru ina koyar da ilmin halittu a makarantar sakandare, ban iya sayen abu irin wannan ba tare da na bi diddigin abin da ke cikinsa ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gida, da kanta biyu da sikeli, aikin kuwa a tsakar gida ake yin sa. Mai shagon, wadda kowa ke kira Hajiya, ba ta ɓoye mini haɗinta ba: kwano shida na gero, kwano uku na waken soya, kwano ɗaya na gyaɗa, sai ɗan kanumfari da citta da sukari. Hatsin daga kasuwar Dawanau take saro shi. Wannan awo na shida da uku da ɗaya shi ne wanda ƙungiyoyin agaji suka yaɗa a tsakanin mata a Borno da Yobe, kuma da na zauna na yi lissafinsa sai na ga ba da ka aka tsara shi ba.

Furotin, wato sinadarin da muke kira mai gina jiki, sarƙa ce da aka ƙulla da ƙananan ƙwayoyi masu suna amino asid. Iri ashirin jiki ke amfani da su wajen gina tsoka da jini da fata da garkuwar da ke yaƙar cuta. Goma sha ɗaya daga ciki jiki na iya ƙera su da kansa, tara kuwa dole sai daga abinci za su zo. Matsalar tana nan ne: jiki ba ya gina rabin furotin ya ajiye ya jira sauran. Idan ɗaya daga cikin taran nan ya yi ƙaranci, aikin yana tsayawa daidai inda wannan ɗaya ya ƙare, kamar maginin da aka tara wa tubali da ƙasa da ruwa har suka yi yawa, amma azarar da aka kawo masa ta rufin ɗaki ɗaya ce kawai. Komai tulin tubalin, ɗaki ɗaya zai rufe.

Azarar da ke ƙaranci a abincinmu na yau da kullum ita ce amino asid ɗin da ake kira laisin. Gero da dawa da masara da shinkafa duk suna da furotin gwargwado, gero ma yana da kimanin giram 11 a cikin kowane giram 100, amma laisin ɗinsu kaɗan ne, masara kuma ta haɗa da ƙarancin wani amino asid ɗin mai suna tiriftofan. Dangin wake suna da laisin a wadace, sai dai metiyonin ya yi musu ƙaranci, shi kuwa hatsi yana da shi daidai gwargwado. Da aka haɗa su sai kowane ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Kakanninmu da suka ƙirƙiro dafa-duka ta gero da wake, ko ƙosai da koko, ba su san waɗannan sunaye ba, amma hannunsu ya faɗa kan daidai. A garin Hajiya waken soya ne ke ɗauke da nauyin, domin busasshensa yana da furotin sama da giram 35 a cikin 100, fiye da na wake da na gyaɗa waɗanda ke tsakanin 23 da 26. Gyaɗa ita kanta ba ta da laisin sosai. Amfaninta a wannan haɗi shi ne mai da ɗanɗano, kuma shi ya sa kwano ɗaya ya ishe ta.

Inda Hajiya ta fi burge ni shi ne wajen suya. Na tarar da ita wata safiya a gaban babban kasko tana juya waken soya a kan wuta marar ƙarfi, ba ta bar wa yaranta wannan aiki ba duk da su ke soya geron. Can sai ta ɗauko ƙwaya ɗaya da ludayi, ta hura, ta fasa da haƙori, ta nuna mini cikin. "Malam, dubi nan," in ji ta, "in cikin fari ne fat to bai yi ba, ciki zai ɓata wa yaro, in ya yi baƙi kuma an ƙona albarkar." Abin da take nema shi ne launin ƙasa-ƙasa mai haske har tsakiyar ƙwayar. Maganarta ta dace da abin da ke cikin littafi. Narkar da furotin tana farawa ne a tumbi, sannan a ƙaramin hanji wani sinadari mai suna tirifsin ya ci gaba da yayyanka sarƙar har ta koma ƙwayoyin da hanji zai iya tsotsewa zuwa jini. Ɗanyen waken soya yana ɗauke da abin da ke ɗaure wa tirifsin hannu, kuma zafi ne ke karya shi. Amma idan suyar ta wuce kima, laisin ɗin da ake wahalar nema yakan manne da sukarin da ke cikin ƙwayar ya zama jiki ba ya iya amfana da shi. Tsakanin ɗanye da ƙonanne akwai ɗan siririn wuri, kuma a leda biyun da na saya ta same shi: babu ƙarnin ɗanyen wake, babu ɗacin ƙuna. Bayan suya takan ɓarza waken a sheƙe ɓawon kafin a kai niƙa, abin da masu gaggawa da yawa ke tsallakewa.

Da na auna haɗin bisa adadin da na ambata, sai na samu kimanin giram 20 na furotin a cikin kowane giram 100 na garin. Ke nan leda mai kilo ɗaya tana ɗauke da abin da ya kai na kiret guda na ƙwai, tun da ƙwai ɗaya yana ba da kimanin giram 6, kuma a ranar da na saya kuɗinta bai kai na kiret ba. Na ƙwai ya fi narkewa a ciki kuma ya fi cika, wannan gaskiya ne, amma ga mai ƙaramin ƙarfi cinikin ba laifi.

Sai dai lissafin kilo daban, abin da ke shiga kofi daban. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya sa bukatar baligi mai lafiya a giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Mahaifiyata ta fito asibiti da kilo 55, wato tana bukatar kimanin giram 46, kuma mai murmurewa daga ciwo yana bukatar fiye da haka. Babban cokali uku na garin, wanda shi Hajiya ta ce a dama a kofi ɗaya, bai wuce giram 30 ba, furotinsa kuma kamar na ƙwai ɗaya ne. A makon farko ma ba mu samu hakan ba, domin ƙanwata ta riƙa dama shi tsululu kamar kokon safe, cokali ɗaya da rabi a cikin babban kofi, wai don ya fi saukin haɗiya. Ciki ya cika da ruwa, jiki bai samu komai ba. Da muka koma yin sa da kauri, ta yadda in an karkata cokali ba ya zuba sai ya ɗan tsaya, muka kuma haɗa da nono da alale da miyar busasshen kifi da aka dake, sai lissafin ya fara tashi. Wannan bayani na yadda za a dama da yawan da za a sha shi ne ya kamata a ce yana jikin ledar, amma babu shi.

Abin da ke jikin ledar shi ne wata takarda da aka rubuta cewa garin yana maganin tamowa, yana ƙara ƙiba, yana ƙara jini, kuma a sha da yawa domin sakamako cikin gaggawa. A nan na rabu da Hajiya, na kuma faɗa mata a gabanta. Jiki ba shi da rumbun ajiye furotin irin yadda yake ajiye kitse. Kullum yana rushe nasa yana sake ginawa, kimanin giram 250 zuwa 300 a jikin baligi, yana mayar da yawancin ƙwayoyin cikin aiki, abin da aka ci kuma cike gurbin wanda ya salwanta yake yi. Idan ciwo ya yi tsanani ko abinci ya yanke, sai jiki ya koma cin tsokarsa, kuma abin da ya faru da hannun mahaifiyata ke nan. Idan kuwa aka ci fiye da bukata, hanta ce ke cire naitirojin ɗin da ke jikin kowane amino asid, ragowar a ƙona ta a matsayin makamashi ko ta zama kitse. Naitirojin ɗin yana fitowa ne a matsayin amoniya, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwa, don haka hanta ke sarrafa ta zuwa yuriya, sinadari ɗaya da takin yuriyar da manomi ke zuba wa masara, sannan ƙoda ta tace ta fitar a fitsari. Hans Krebs da Kurt Henseleit ne suka gano wannan zagaye a Jamus a 1932. Ga mai lafiya wannan aiki ne na kullum da ba ya gagarar jiki, amma ga wanda ƙodarsa ko hantarsa ta raunana, kamar yawancin dattawan da suka daɗe da hawan jini ko ciwon sukari, cewa a sha da yawa shawara ce da likita kaɗai ya kamata ya bayar.

Batun tamowa ya fi wannan nauyi. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Akara ta ƙasar Gana, ita ce ta bayyana ciwon nan na kumburin yara a 1933, ta danganta shi da yaye a kan kunun masara zalla, bayan shekara biyu kuma ta shigar da sunansa na harshen Ga, kwashiyoko, cikin littattafan likitanci, wato ciwon da yaro ke kamuwa da shi idan aka yi masa ƙane. Garin irin na Hajiya yana da amfani ƙwarai wajen tare wannan hanya tun kafin a shige ta, da kuma wajen tallafa wa yaron da ya fara ramewa. Amma yaron da ƙafafunsa suka kumbura har in an danna yatsa ya bar rami, ko wanda ya ƙi cin abinci gaba ɗaya, asibiti yake bukata, inda ake ba da madara ta musamman da abincin gyaɗar nan na leda irin su Plumpy'Nut, wanda aka auna masa madara da bitamin da gishirin jiki. Uwar da ta karanta takardar nan ta zauna a gida tana dama kunu, kwanakin da za su ceci ɗanta take ɓatawa. Hajiya ta ce mai buga takardar ne ya ƙara wasu kalmomin don kaya su shiga, ta kuma ce za ta sake, amma har leda ta biyu takardar ba ta canza ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka rage mata maki a wurina. Sukarin da take zubawa tun a gari ya hana mai ciwon sukari amfani da shi, ya kuma hana kowa zaɓin yawan da yake so. Ledar siririya ce, da wutar kyandir ake liƙe bakinta, babu ranar da aka yi garin, babu lambar NAFDAC. Gari mai soya da gyaɗa yana da mai, mai kuwa ba ya jure zafin bazarar Kano: ragowar ledar farko ta fara canza ƙamshi tana maƙaƙi a maƙogwaro tun kafin ta cika mako biyar. A leda ta biyu kuma haƙorina ya gamu da tsakuwa sau biyu, alamar ba a rege geron da kyau ba a wannan karon. Wajen gyaɗa dai ban same ta da sakaci ba, domin na ga 'yarta zaune da faifai tana tsince duk wadda ta yamutse ko ta yi fumfuna, kuma wannan tsinta ita ce babbar kariyar da ƙaramin mai sana'a ke da ita daga gubar afilatoksin mai lahanta hanta, wadda suya ba ta kawar da ita.

Ɗanɗanon kunun ba shi da makusa. Yana da ƙamshin soyayyen gero da ɗan yajin kanumfari, ba ya yin gudaji in an fara kwaɓa shi da ruwan sanyi kafin a juye a tafasasshe, kuma mahaifiyata, wadda ta ƙi kusan komai a kwanakin nan, ba ta taɓa mayar da kofin da saura ba. A cikin wata biyu ta tashi daga kilo 55 zuwa 58, tana zuwa alwala ba tare da an riƙe ta ba. Ba zan jingina wannan ga garin shi kaɗai ba, tun da akwai nono da kifi da alale, akwai kuma tafiyar ciwon kansa, amma shi ne abin da cikinta ya fara karɓa lokacin da ya ƙi sauran.

Jiya na koma na ba da sautun na uku. Na ce a yi mini rabin kilo kawai don kada ya daɗe, kada a sa sukari, a rege geron sau biyu, na kuma bar mata roba mai murfi da za ta zuba a ciki. Ta karɓa tana dariya, ta ce, "Malam, kai dai cinikinka da jarrabawa yake zuwa," sannan ta ɗauko alƙalami ta rubuta kwanan watan da za ta soya a jikin murfin.