Wane littafi za ki saya don karanta wa yara da dare?

Autana shekararsa huɗu, yayarsa bakwai, kuma tabarma ɗaya suke hawa bayan isha'i su ce in karanta musu. A kan tabarmar nan na gane cewa littafin da ya riƙe babba ba lallai ya zaunar da ƙarami ba. Kuɗin littafi kuwa yanzu ba na wasa ba ne, gara mutum ya san abin da zai ɗauko tun kafin ya shiga kasuwa.

Yawancinmu da Magana Jari Ce muke farawa, don shi muka tashi muka gani a gida. Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya tun ƙarshen shekarun 1930, littattafai uku ne, kuma har gobe Hausarsa tana da zaƙi a baki. Sai dai labari ne a cikin labari: aku yana ta jan Musa ɗan sarki da hira don ya hana shi fita. Ɗan shekara huɗu ba ya iya riƙe wannan zaren. Autana kan miƙe ya tafi wasansa tun ban gama shafi na biyu ba, ita kuwa yayar ko ƙiftawa ba ta yi. Idan yaronki ya kai bakwai, sayi na ɗaya kawai tukuna. Ki kuma riƙa duba labarin da rana kafin dare, domin akwai masu duka da kisa a ciki.

Ga ƙanana, ban ga kamar tatsuniya ba. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littattafai shida, shi na fi so, ko da yake ba kowane shago ake samunsa ba. Labaran gajeru ne, ga Gizo da Ƙoƙi da kura, ga waƙa da ake maimaitawa. Da na ce "Ga ta nan, ga ta nanku", sai autana ya ɗaga murya ya ce "Ta zo mu ji ta", ya matso ya dafa gwiwata. In waƙar ta dawo karo na uku, shi ke rera ta kafin in buɗe baki. Hotuna ba su taka kara sun karya ba, amma muryarki ta isa.

Littattafan Turanci masu kaurin kwali, waɗanda ake samu a gwanjo, sun fi dacewa da ɗan shekara biyu mai yaga takarda da kai ta baki. Hoto mai kyau, rubutu kaɗan. Ki nuna hoton ki faɗi sunan abin da Hausa.

Akwai kuma na kyauta a intanet. African Storybook, wanda wata ƙungiya mai suna Saide ta Afirka ta Kudu ta kafa, yana da labarai da Hausa masu hotuna masu launi, an jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan wuya. Wasu fassara ce, Hausarsu a sandare take, sai kin tace. Ni nakan kai waɗanda na zaɓa shagon buga takardu a fitar mini, domin da yaro ya ga waya a hannuna sai ya ce bidiyo yake so.

Kafin ki biya, buɗe tsakiyar littafin ki karanta shafi ɗaya a bayyane, nan gaban mai shago. Inda harshenki ya sarƙe, nan yaro zai tashi. Duba ko an sa lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ, don kada ya saba ganin "kasa" inda ake nufin ƙasa. Bugun jabu kuma yana da yawa: tawada ta kwanta, shafuka na zubewa.

In kuɗin littafi ɗaya gare ki, kuma yaron bai kai shida ba, tatsuniya za ki ɗauka.