Halittun da suka zama dutse ko kan kibiyar mutanen da: wanne za ka nema a Yuta?

Malam, ka ce aiki ya kai ka jihar Yuta ta Amurka, abokan aikinka kuma kan shiga kwazazzaban jihar a ƙarshen mako, wasu na neman halittun da suka zama dutse, wasu na neman kan kibiya na dutse, kana tambaya wanne ya dace da sabon shiga. Ni dai na farkon zan ce maka. Tafiyar ɗaya ce, kowa kansa a sunkuye rana na dukan ƙeyarsa, amma abin da za ka sa a aljihu ka kwana lafiya ba ɗaya ba ne.

Fara sanin ƙasar wa kake takawa. A gandayen gwamnati irin su Canyonlands, Arches da Zion, ko tsakuwa ba a ɗauka. Filin mutum kuwa sai da izinin mai shi. Inda maganar take shi ne dajin da BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, ke riƙe da shi, wanda ya haura kashi 40 cikin 100 na jihar.

A can, wata dokar tarayya ta 2009 ta bar wa mai neman halittu ƙofa a buɗe. Kana iya tsintar ganye, katantanwa da sauran ƙananan halittu marasa ƙashin baya, har laba 25 a rana, wato kimanin kilo 11, da hannu ko da guduma, ba da inji ba, kuma ba don sayarwa ba. Itacen da ya zama dutse shi ma laba 25 ne a rana da ƙarin guntu ɗaya, kada ya wuce laba 250 a shekara. Akwai wuraren da aka rufe, saboda haka ka biya ta ofishinsu tukuna. Da zarar abu ya zama ƙashi, haƙori ko sawun dainoso, hannunka ya fita, sai masana masu takardar izini.

Ba sai ka yi nisa cikin kwazazzabo ba ma. Yamma da garin Delta akwai baƙin dutse mai falle-falle, laka ce ta ƙasan teku ta shekara kusan miliyan 500. Ka sa bakin guduma a gefensa ka ɗan buga, sai ya buɗe gida biyu, ga tirailobait, wata ƙaramar halittar teku ta zamanin da, kwance kamar kyankyaso, haƙarƙarinsa a jere, shatinsa a ɗaya ɓangaren. Akwai ma mahaƙar da ake biyan kuɗi a shiga, abin da ka samu naka ne.

Kan kibiya ba shi da irin wannan ƙofa. Wata dokar tarayya ta 1979 ta kare duk kayan mutanen da da suka haura shekara 100 a ƙasar gwamnati. Za ka ji ana cewa ai wanda ke kwance a fili ba laifi. Rabin gaskiya ce: waccan dokar ta ɗauke nata hukuncin a kan wanda aka tsinta a saman ƙasa, amma wasu ƙa'idojin na nan, suna kallonsa a matsayin ɗaukar dukiyar gwamnati. Tono kuwa babban laifi ne, har da ɗauri. A watan Yunin 2009 jami'an tarayya sun yi dirar mikiya a garin Blanding na Yuta, aka gurfanar da mutum sama da 20 kan cinikin irin waɗannan kaya.

A ganina bambancin yana da hujja. Tirailobait dubbai ne a falle guda, in ka ɗauki ɗaya dutsen bai daina faɗin shekarunsa ba. Kan kibiya kuwa, rabin labarinsa yana wurin da ya faɗi ne: kusa da wane murhu, wace tsingaro, wane kango. Baka bai iso yankin ba sai kimanin shekara 1,500 da suka wuce, don haka manyan da mutane ke kira kan kibiya galibi tsinin ƙaramin mashi ne da ake cillawa da sanda, sun girmi bakan nesa. Ka ɗauke shi ka jefa a kwalba, ka raba shi da shaidunsa. Sannan masu shi ba su ƙare ba. Ƙabilun Hopi, Zuni, Navajo da Ute suna nan, wuraren na kakanninsu ne. Wanda ya san Agadez ya ga ƙarshen irin wannan, yadda aka yi shekaru ana kwaso kan kibiyoyin Tenere ana sayar wa masu yawon buɗe ido, ba mai iya cewa daga wane wuri kowanne ya fito.

Wajen horar da ido ma halittun sun fi sauƙi, domin taswirar duwatsu na nuna maka fallen da za ka bi. Ƙashi yana da 'yan ƙananan ramuka a ciki, yakan ɗan manne a harshe. Kan kibiya ana gane shi da ƙananan ɓantarori a jere a baki biyu, alamar hannun mutum. In ka ci karo da ɗayansu, ɗauki hoto, ka adana lambobin wurin a waya, ka kai wa ofishin BLM.

Abin da ya haɗa su shi ne ruwan sama. Shi ke wanke ƙasa ya fito da abin da ake nema, shi kuma ke kisa. Daga Yuli zuwa Satumba, ruwan da aka yi can nesa kan cika matsattsen kwazazzabo alhali saman kanka garau; haka mutum 11 suka halaka a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona a 1997. Hanyoyin yumɓu in sun jiƙe ko mota mai ja da tayoyi huɗu sai ta kafe, waya kuma ba sabis. Ka riƙe ruwa aƙalla lita 4 na kowane wuni, ka gaya wa wani inda ka nufa da lokacin dawowarka, ka kuma bari sai watan Oktoba ko Afrilu.