Aikin titin layinmu na wajen gar (tashar jirgin kasa), Ngaundere

Gaskiya masu kwangilar nan sun yi kokari, ni tauraro 4 na ba su cikin 5. Abin da ya fi burge ni lambatun ne, sun haka shi da zurfi sosai suka zuba kankare gefe da gefe, kuma sun sa kwalbati babba a gangaren da ruwa ke taruwa. Kun dai san damunar Ngaundere, daga Afrilu har Oktoba sama ba ta hutawa, da can jar kasar nan ta koma tabo masu moto (babur) suna ta zamewa, ruwa har cikin shaguna, amma bana wallahi ana dauke ruwa titi ya bushe.

Wajen tsallaka digar jirgi ma sun daidaita kwalta da karfen, tirelolin da ke dibar kaya daga tasha zuwa Garwa da Injamena suna wucewa lafiya ba wannan girgizar.

Tauraro daya da na rike saboda murfin lambatun ne, wurare da yawa a bude suka bari kuma yara na bin nan zuwa makaranta. Don Allah 'yan meri (hukumar gari) a zo a rufe, a sa fitila wajen digar don jama'a na tsallakawa har dare.