Ajin Turanci na Yamma a Katsina da Darasin Linzami

Wata uku ke nan ina halartar wani ajin koyon Turanci da ake yi bayan La'asar a cikin birnin Katsina, kuma darasin makon jiya, wanda aka keɓe ga salon maganar nan ta Turawa, "hold your horses", shi ne ya sa na ga ya dace in bayyana ra'ayina.

Malamin ya shigo da tsohon linzami a hannu, ƙarfensa duk ya yi baƙi saboda daɗewa, ya ajiye shi a kan tebur, sannan ya tambaye mu abin da mahayi yake yi a Ƙofar Soro ranar hawan sallah idan ya taho a sukwane zai yi jinjina a gaban Sarki. Kowa ya san amsar, domin mun sha ganin an ja linzami, doki ya turje, ƙura ta turnuƙe. Ya ce ma'anar fili ke nan, wato mutum ya riƙe dawakansa. Ma'ana ta biyu kuwa, wadda ta bazu a Amurka tun ƙarni na 19, babu doki a cikinta ko kaɗan, ana faɗa wa mai garaje ne ya dakata ya bi a sannu. Da ya ɗauko wani salon maganar, "rein in", wato a ja linzami, sai ya tuna mana cewa mu ma mukan ce a ja wa yaro linzami idan ya fara wuce gona da iri, kamar yadda muke cewa wane ya riƙe ragamar mulki alhali ba igiya a hannunsa. Ban taɓa fahimtar salon maganar Turanci da sauri haka ba.

Sai dai akwai gyara. Bai yi mana gargaɗin cewa "hold your horses" magana ce ta tsakanin tsara ba, har sai da wata ɗaliba ta tambaya ko za ta iya faɗa wa shugabanta a ofis, kafin ya ce kada ta kuskura. A ganina da wannan ya kamata a fara, domin Bakatsine ba ya wasa da girmama na gaba. Ɗakin ma ya yi wa ɗalibai kaɗan, kuma da zarar an ɗauke wuta zafi yakan hana natsuwa.

Duk da haka na biya kuɗin wata mai zuwa, na kuma rubuta sunan ƙanena.