Hutu a Tsibiran Sese: Bayani ga 'Yan Uwa na Agege

Assalamu alaikum Yaya, da sauran 'yan uwa na Agege da Idi-Araba. Ga bayanin da kuka nema kan hutun tsibiri a nan Yuganda.

Tsibiran Sese guda 84 ne a cikin Tafkin Biktoriya, amma masaukan baƙi sun fi yawa a Bugala, inda garin Kalangala yake. Kada ku auna tafiyar da ta bakin tekun Tarkwa Bay na Legas, da mutum zai hau jirgin ruwa daga tashar CMS da safe ya dawo gida kafin magariba. Babban jirgin fasinja yana tashi daga Nakiwogo a Entebe da ƙarfe 2 na rana, ya yi kusan awa 3 da rabi kafin ya isa tashar Lutoboka a Bugala, sai washegari ƙarfe 8 na safe ya juyo. Wanda ya kama ɗaki na kwana ɗaya, barci kawai ya saya. A yi kwana biyu ko uku.

Ruwan tafkin na daɗi ne, babu gishiri, babu irin igiyar tekun Legas mai fizgar mutum. Ƙaramin kwale-kwale na mutum biyu ya fi babur ɗin ruwa arha da daɗi. A fita da hantsi, don hadarin tafkin ya fi tasowa cikin dare zuwa asuba. Rigar ceto kuwa a duba maɗaurinta kafin a biya; wadda ta yi wa mutum yawa takan haye kansa idan ya faɗa ruwa.

Babbar matsalar ita ce tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon-koɗi na bakin gaɓa, inda ciyawa take kuma ruwa bai motsi, ta shiga ta fata ba tare da mutum ya ji komai ba. Ruwan gishiri irin na tekun Legas ba ya ɗauke da ita. Wanda ya yi iyo ya ga likita bayan mako 6 zuwa 8. Maganin firazikwantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, kuma shansa da wuri ɓarnar kuɗi ne, domin ba ya kashe tsutsar tana ƙarama.

Abinci sai son barka: karfasa da giwan ruwa da aka kama ranar, da dafaffiyar ayaba da suke kira matoke. Sai dai yajinsu ba ya kai ko'ina, ku ƙullo naku. Naman alade yana da kasuwa a nan, a tambayi mai girki ko kaskonsa daban yake.

Ku taho da katin rigakafin shawara, ku nemi biza ta intanet tun kuna gida, kuma ku canza kuɗi zuwa shilin a Entebe. Tsohuwar dala mai datti ba sa karɓa.