Ruwan khal da farin ɓawon da ya kama kayan tankin kifina

Shekara biyu ke nan ina kiwon kifin ado a wani tankin gilashi mai cin lita 80 a falona, a nan Sakkwato. Ruwan rijiyar gidanmu nake zuba musu, kuma duk wanda ya taɓa leƙa cikin butar shayinmu ya san halin ruwan nan. Farin ɓawo yake bari a gindin buta, sabulu ma sai an sha fama yake kumfa. Ban yi mamaki ba, don yankinmu akwai dutsen farar ƙasa, shi ne ma ake haƙowa a Kalambaina ana yin siminti. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan kwaso sinadarin kalsiyam, idan ya ƙafe sai ya bar shi manne a jikin abin da ya taɓa.

Da hunturun bara abin ya tsananta. Iska ta bushe, ruwan tankin yana raguwa da sauri, ni kuma ina ta ciko. Ashe ruwa kaɗai ke tashi, sinadarin yana nan yana taruwa. Kafin sanyi ya wuce, farin layi ya zagaye saman gilashin, murfin ya yi fari fat, hitar da nake kunna musu da dare ta yi ɓawo. Abin da ya fi tayar mini da hankali injin tace ruwa ne: ya fara gurnani, ruwan da yake fesowa ya koma kamar na famfon da ya kusa ɗaukewa.

Abu uku na gwada, duk daga kicin. Na fara da bekin soda, ɓata lokaci kawai na yi. Ya ɗan goge dattin sama, amma ɓawon ko gezau bai yi ba, domin abu mai tsami ne kaɗai ke narkar da shi, bekin soda kuwa ɗan'uwan kanwa ne. Lemun tsami ya yi aiki a kan gilashi, sai dai kafin ka matse wanda zai isa jiƙa inji ka gaji, ga ɓarɓashinsa da ke maƙalewa a lungu.

Farin ruwan khal shi ne ya fitar da ni kunya. Irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan abinci nake nufi, mai haske kamar ruwa, wanda aka rubuta kashi 5 cikin 100 na tsami a jikin kwalbarsa. Ban da na tuffa, ban da mai ƙamshi ko kala. Na kashe wuta, na zare komai daga soket. Hitar na bar ta cikin ruwa kusan minti 20 ta huce kafin na ɗago ta, don gilashinta yana iya tsagewa idan ta fito da zafi. Injin kuma na warware shi, na ciro ƴar farfelar da ke ciki. A nan na ga tushen gurnanin: ɓawo ya naɗe sandar da take juyawa a kai, har ramin da take zama ya ƙuntace.

A sabon bokitin da bai taɓa ganin omo ba na haɗa khal da ruwa, rabi da rabi, na tsoma kayan. Ba a jima ba ƙananan kumfa suka fara tasowa daga jikinsu, alamar tsamin yana cin ɓawon yana sakin iska. Murfi da tiyo minti 30 ya ishe su. Farfela da hita sai da suka yi awa biyu, sannan na bi su da buroshin haƙori sabo, ɓawon yana saɓulewa kamar jiƙaƙƙen alli. Sandar farfelar a bi ta a hankali, a wasu injuna ta tangaran ce, ba ta da wuyar karyewa.

Layin jikin gilashi ne ya fi ba ni aiki, tunda kifayen suna ciki. Na rage ruwan har ya sauka sosai ƙasa da layin, na jiƙa tsumma da khal na matse shi yadda ba zai ɗiga ba, na dafa a wurin na ɗan lokaci, sannan na kankare da reza a kwance, ina kaucewa ƙaron da ya haɗa kusurwoyin. Daga nan na goge da wani tsumman mai ruwa zalla. Wanda tankinsa na roba ne kada ya kusanto da reza ko soson ƙarfe, zane zai yi masa wanda ba ya gyaruwa.

Akwai kuskuren da na yi, har yau yana ci mini rai. Ganin yadda komai ya yi fes, sai na jefa soson cikin injin shi ma a ruwan khal. Ban san cewa a jikin soson nan ƙwayoyin halitta masu amfani suke zaune ba, waɗanda ke sarrafa gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi. Na kashe su da hannuna. Bayan kwana biyu ruwan ya yi gajimare, kifayen suka taru a sama suna haki, biyu suka mutu. Sai da na yi mako biyu ina canza wani ɓangare na ruwan kusan kullum kafin tankin ya dawo daidai. Yanzu soso a ruwan da na ɗebo daga tankin nake matse shi, ba na ƙara masa komai. Haka kayan ado na kwanson teku ko murjani, kada su shiga khal, don su ma kalsiyam ne, narkewa za su yi.

Gargaɗi guda kuma ban yarda in wuce shi ba: kada a haɗa khal da bilic, wato ruwan wankin nan mai sa tufafi su yi fari, ko da da niyyar kashe gansakuka ne. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu, ga mai aikin da duk wanda ke ɗakin. Sabulu da omo ma ba su da gurbi a wannan aiki, ɗan abin da ya saura a lungu ya isa ya cutar da kifi.

Ba zan ce khal ba shi da aibu ba. Warinsa yana hawa kai, a tsakar gida ya fi dacewa a yi aikin. Wani tsohon tabo da ya daɗe a gefen murfina ma bai fita duka ba, ko da na maimaita. Ɗauraya kuma tana cin ruwa: sau uku nake yi, sannan in bar kayan cikin ruwa zalla har sai na sunsuna ban ji tsami ba, saboda ragowarsa na iya sauya yanayin ruwan tanki, musamman ƙarami. Duk da haka, kwalba ɗaya ta yi mini wanki biyu, kuma ta hana ni sayen sabon inji.

Yanzu duk wata biyu nake ciro farfelar in jiƙa ta minti 20, tun ɓawon bai yi kauri ba. Na kuma daina ciko kawai, duk mako ina kwashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan in zuba sabo, murfin kuma a rufe yake kwana.